Daga Batirin Nokia Zuwa Mota: Yadda BYD Ya Sha Gaban Tesla, Da Lissafin Da Ke Jiran Mai Sayen Mota

A shekarar 2011, wata 'yar jarida ta gidan talabijin na Bloomberg ta tambayi Elon Musk, shugaban kamfanin Tesla, ko yana kallon kamfanin BYD na ƙasar Sin a matsayin abokin gogayya. Musk ya bushe da dariya, sannan ya tambaye ta ko ta taɓa ganin irin motar da kamfanin ke ƙerawa. Bidiyon yana nan a YouTube har yau.

A shekarar 2025, BYD ya sayar da motoci masu amfani da lantarki zalla kimanin miliyan 2.26, Tesla kuma ya tsaya a miliyan 1.64. Ban da waɗannan, BYD ya sayar da fiye da miliyan biyu na motocin da ke haɗa lantarki da fetur, nau'in da Tesla ba ya ƙerawa sam.

Abin da zai ba duk mai riƙe da waya sha'awa shi ne, BYD bai fara da mota ba. Da batirin waya ya fara. Kuma sirrin nasararsa, da ma makomar motoci baki ɗaya, yana rataye ne a kan wannan abu da kowa ke dubawa a saman fuskar wayarsa sau da yawa a yini.

Kamfanin da ya taso daga cikin waya

Wang Chuanfu, masanin kimiyyar sinadarai, shi ya kafa BYD a birnin Shenzhen a 1995. Sana'ar kamfanin ta farko ita ce ƙera batiran da ake cajawa, kuma cikin 'yan shekaru ya zama mai samar wa Motorola da Nokia batir. A 2003 ya sayi wata ƙaramar masana'antar motoci mai suna Qinchuan. Masu hannun jari da dama sun ɗauki matakin a matsayin ganganci, domin ba su ga abin da ya haɗa mai batir da mota ba.

A 2008 kamfanin attajirin Amurka Warren Buffett ya sayi kusan kashi 10 cikin ɗari na BYD a kan dala miliyan 230. A watan Disamban wannan shekara BYD ya fitar da F3DM, wadda ake ɗauka a matsayin mota ta farko mai haɗa fetur da cajin lantarki da aka ƙera domin kasuwa. Ba ta yi farin jini ba, amma kamfanin bai saki hanyar ba. A watan Maris na 2022 ya daina ƙera motoci masu amfani da fetur zalla kwata-kwata.

Tsofaffin kamfanonin mota sun shafe fiye da shekara ɗari suna goge ƙwarewarsu a kan inji da giya. A motar lantarki kuwa, abu mafi tsada shi ne batir, kuma yawancinsu saye suke yi daga wasu. BYD da kansa yake ƙera nasa, don haka yake iya karya farashi. Ƙaramar motarsa mai suna Seagull an sayar da ita a Sin a kan yuwan 69,800 a 2024, wato ƙasa da dala 10,000.

Mota iri uku da ake yawan cakuɗawa

Ta farko ita ce haibirid ta gargajiya, irin Toyota Prius da ta fito a 1997. Tana da inji da ƙaramin batir da ke tallafa masa wajen tashi da kuma cikin cunkoso. Ba a jona ta da wuta. Injin da burki su ke caja batirin, don haka fetur ne abincinta, sai dai ba ta sha da yawa.

Ta biyu ita ce haibirid mai caji. Ita ma tana da inji da tanki, amma batirinta ya fi girma nesa ba kusa ba, kuma ana jona shi da wutar gida. Tana iya yin kilomita 50 zuwa 100, wasu ma fiye, ba tare da injin ya tashi ba. Idan cajin ya ƙare sai fetur ya karɓa. Akwai wani reshe na wannan nau'i da kamfanin Li Auto na Sin ya shahara da shi, inda injin ba ya juya taya ko kaɗan, aikinsa kawai ya samar wa batir wuta. A taƙaice, mota ce mai yawo da janaretanta.

Ta uku ita ce mai lantarki zalla, irin Tesla Model 3 ko Nissan Leaf. Ba ta da inji, ba tanki, ba salansa, ba fulogi, ba juyen baƙin mai. Batir ne a shimfiɗe a ƙarƙashinta, sai na'urar da ke juya tayoyi.

Bambancin da ke tsakaninsu wajen ɓarnar makamashi babba ne. Alƙaluman ma'aikatar makamashi ta Amurka sun nuna cewa motar fetur tana kai kashi 12 zuwa 30 ne kawai na ƙarfin man da ta sha zuwa tayoyi, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. Motar lantarki kuwa tana kai fiye da kashi 77. Har ma idan direba ya taka burki, na'urar tana mayar da wani ɓangare na ƙarfin cikin batir.

Waya dubu uku a ƙarƙashin kujera

Batirin da ke cikin motar lantarki ɗan gida ɗaya ne da na waya, wato batirin lithium. Kamfanin Sony ne ya fara kai shi kasuwa a 1991, kuma a 2019 masana uku da suka share masa hanya, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka samu lambar yabo ta Nobel.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar girmansa ita ce a auna shi da yunit ɗin mitar kati, domin yunit ɗaya daidai yake da kWh ɗaya da ake rubutawa a takardun mota. Yunit ɗaya zai cika waya mai batir 5,000mAh kusan sau hamsin. Matsakaiciyar motar lantarki tana ɗaukar yunit 60, kwatankwacin wayoyi dubu uku ke nan. Haibirid mai caji tana ɗaukar 10 zuwa 25, ta gargajiya kuwa da ƙyar take wuce yunit ɗaya ko biyu.

Faɗuwar farashin batir ita ce ta sauya komai. A 2010, batirin da zai riƙe yunit ɗaya yana cin fiye da dala 1,000. A 2024, binciken BloombergNEF ya nuna ya sauko zuwa dala 115. A wannan shekarar an sayar da motocin lantarki da haibirid masu caji fiye da miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, in ji Hukumar Makamashi ta Duniya. A Sin adadin ya kusa rabi. A Norway, kusan tara cikin goma na sababbin motoci masu lantarki zalla ne.

Wani dalilin sauƙin shi ne sauya sinadarai. Batiran da Turai da Amurka suka fi amfani da su suna buƙatar nikel da kobalt, kuma kusan kashi 70 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, inda aka daɗe ana kokawa kan sanya yara aiki a ramukan haƙa. Kamfanonin Sin, musamman CATL da BYD, sun rungumi nau'in da ake kira LFP, wanda ke amfani da ƙarfe da fosfet maimakon waɗancan. Ya fi nauyi kaɗan, amma ya fi arha, ya fi jure yawan caji, kuma ba ya saurin kama wuta. Batirin Blade da BYD ya fitar a 2020 irinsa ne.

Haibirid mai caji: daɗi da tarko

Tsoron da ya fi hana mutane sayen motar lantarki duk mai waya ya san shi: caji ya kai kashi biyar alhali ba caja a kusa. Haibirid mai caji ta zo ne don kawar da wannan fargaba. Zirga-zirgar cikin gari a yi ta da lantarki, doguwar tafiya kuma a tsaya gidan mai kamar kowa. A watan Mayun 2024 BYD ya fitar da Qin L da Seal 06, inda ya yi iƙirarin cewa da cikakken caji da cikakken tanki za su yi kilomita 2,100. Adadin na gwajin kamfani ne, a kan titi yakan yi ƙasa da haka, amma ya nuna inda gasar ta dosa.

Sai dai akwai tarko. A watan Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto bisa bayanan da aka tattara daga na'urorin da ke cikin motocin da ke kan titi. Rahoton ya gano cewa hayaƙin da haibirid masu caji ke fitarwa ya ninka abin da aka rubuta a takarda kusan sau uku da rabi. Babban dalilin shi ne masu motocin ba sa jona su da wuta yadda aka zata. Wanda ba ya caja irin wannan mota, ya sayi motar fetur ce mai ɗauke da kayan nauyi a banza. Ga kuma ɗawainiya biyu, domin akwai inji da ke buƙatar juye da gyara, akwai kuma batir da ke tsufa.

Wannan ya sa wasu masana ke kallon ta a matsayin gada da za a bi a wuce. Wasu kamfanoni, Toyota a kan gaba, suna ganin gadar za ta daɗe, musamman a ƙasashen da wuta ba ta wadata ba.

Caji da rikicin bakin caja

A soket ɗin gida, cika batir mai yunit 60 yana ɗaukar fiye da kwana guda. Da akwatin caji na musamman da ake kafawa a bango, kimanin awa tara, wato dare ɗaya. Manyan cajojin kan hanya kuma suna kai shi daga kashi 10 zuwa 80 cikin kusan rabin awa. A watan Maris na 2025 BYD ya sanar da caja mai ƙarfin kilowat 1,000, wadda ya ce za ta ba mota tafiyar kilomita 400 cikin minti biyar. Kamfanin Nio ya bi wata hanya dabam: mota ta shiga rumfa, a zare batirin da ya ƙare a sa cikakke cikin 'yan mintoci.

Masu tuna zamanin da kowace waya ke da nata bakin caja, kafin zuwan Type-C, za su gane matsala ta gaba. Motocin Turai suna amfani da CCS2, na Sin GB/T, tsofaffin na Japan CHAdeMO, na Amurka kuma suna komawa tsarin Tesla mai suna NACS. Ƙasar da ke shigo da motoci daga duk waɗannan wurare za ta tarar da baki huɗu a titi ɗaya.

Masu ƙera waya sun shigo fili

Da zarar an cire inji, abin da ya rage a mota shi ne batir, na'urori da manhaja, kuma wannan fage ne da kamfanonin waya suka sani. Xiaomi, mai wayoyin Redmi, ya fitar da motarsa ta farko SU7 a watan Maris na 2024, kuma kafin ƙarshen shekarar ya miƙa fiye da 130,000 ga masu saye. Huawei yana samar wa motocin Aito manhaja da na'urorin tuƙi. Apple kuwa ya shafe kusan shekara goma yana aikin mota a asirce, sannan ya watsar da shi a watan Fabrairun 2024.

Motocin yanzu suna karɓar sabuntawa ta intanet kamar waya. A watan Disamban 2023, Tesla ya gyara tsarin Autopilot a motoci kimanin miliyan biyu a Amurka ba tare da an kai su gareji ba. Amma kuskuren manhaja a mota ba ɗaya yake da na waya ba. A ƙarshen Maris na 2025, ɗalibai mata uku sun rasu a hatsarin wata SU7 a lardin Anhui, jim kaɗan bayan tsarin taimakon tuƙi ya miƙa wa direba sitiyari. Bayan haka hukumomin Sin suka tsaurara doka kan tallata irin wannan tsari da sunan mota mai tuƙa kanta. Yawancin abin da ake sayarwa a yau mataimakin direba ne, kuma wajibi ne ido ya kasance a kan titi.

Siyasa ta shiga

Arhar motocin Sin ta tayar da hankalin ƙasashen da suka dogara da masana'antar mota. A 2024 Amurka ta ɗora musu harajin kashi 100, Tarayyar Turai kuma ta ƙara wa BYD kashi 17 a kan kashi 10 da ake biya a da. A ƙarshen Satumban 2025 Amurka ta kawo ƙarshen rangwamen dala 7,500 da take ba masu sayen motar lantarki. Da aka ƙuntata waɗannan kasuwanni, kamfanonin Sin sun ƙara mayar da hankali ga Kudancin Amurka, Kudu maso Gabashin Asiya, Gabas ta Tsakiya da Afirka.

A Afirka, Habasha ce ta yi abin da ba a zata ba. A farkon 2024 ta haramta shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur ko dizal. Lissafinta a fili yake: tana kashe kuɗin waje masu yawa wajen sayo mai, alhali tana da wuta mai arha daga madatsun ruwa.

Lissafin a Najeriya

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wannan ya sa maganar motar lantarki ta daina zama labarin Turai. An fara harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas a ƙarshen 2020. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas masu fetur zuwa masu batir. A Jihar Nasarawa kuma an buɗe masana'antar sarrafa lithium a 2024.

Ga misali da tafiyar Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230. Matsakaiciyar motar lantarki za ta ci yunit 37, motar fetur mai girman Corolla kuma kusan lita 17. Idan aka ƙaddara yunit a kan naira 210, lita kuma a kan naira 900, mai lantarki zai kashe ƙasa da 8,000, mai fetur fiye da 15,000. Rabin kuɗi ke nan, ban da na juye da fulogi.

Amma lissafin yana rushewa idan babu wuta. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a mafi yawan lokuta. Ƙaramin janareta yana ba da kimanin yunit biyu a kowace lita, don haka wanda zai caja mota da shi zai ƙona kusan lita 18 domin waccan tafiya. Bai tsira da komai ba sai ƙara da hayaƙi.

Inda Arewa ke da rinjaye shi ne rana. Farantin sola mai ƙarfin wat 500 yana iya ba da fiye da yunit biyu a yini. Mai zirga-zirgar kilomita 40 a rana yana buƙatar yunit shida zuwa bakwai, wato aikin faranti uku ko huɗu, muddin motar tana ajiye lokacin da rana ke dukan farantan, ko kuma akwai batirin ajiya a gida. Wannan ne ya sa ake ganin sauyin zai fi saurin kama babura da adaidaita sahu, masu ƙaramin batir da gajerun tafiye-tafiye. Kamfanoni irin su Spiro da Ampersand sun riga sun kafa wuraren musayar batirin babur a wasu ƙasashen Afirka, inda ɗan acaɓa ke ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke.

Zafi ma abin lura ne. Kamar yadda wayar da ake bari a rana batirinta ke saurin mutuwa, haka na mota. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, mai tsananin zafi, sun koka kan yadda batiransu suka ragu da wuri, domin samfurin farko ba shi da tsarin sanyaya batir da ruwa. Tunda yawancin motocin da ke shigowa Najeriya na hannu ne, irin waɗannan tsofaffin samfura su ne za su fara isowa da arha. Sannan batirin mota yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa 800, wadda ke iya kisa nan take. Bakaniken da ya ƙware a kaburata da giya sai ya sake zama ɗalibi kafin ya taɓa shi.

Abin da ke tafe

Fasahohi biyu ake sa wa ido. Ta farko batirin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda CATL ya fara ƙerawa. Bai kai na lithium riƙe wuta ba, amma kayan haɗinsa suna ko'ina, don haka ya dace da ƙananan motoci da babura. Ta biyu batir mai daskararren ciki, wanda babu ruwan sinadari a cikinsa, ana kuma sa ran zai fi riƙe wuta da saurin caji. Toyota ya ce yana fatan sa shi a mota tsakanin 2027 da 2028, kodayake an sha ɗage irin wannan alkawari a masana'antar.

Kafin waɗannan su iso, wanda ke tunanin saye yana da tambayoyi huɗu da zai amsa. A ina motar za ta riƙa kwana, kuma akwai tsayayyar wuta ko sola a wurin? Wane bakin caja take da shi? Batirinta da ruwa ake sanyaya shi ko da iska? Kashi nawa ya rage na lafiyarsa, kamar yadda ake dubawa kafin a sayi iPhone ta hannu?

Mai tabbacin caji a gida wanda yawancin tafiyarsa cikin gari ne, mai lantarki zalla za ta fi yi masa arha. Mai samun wuta jefi-jefi kuma mai yawan doguwar tafiya, haibirid mai caji za ta yi masa, da sharaɗin zai riƙa jona ta duk dare da aka kawo wuta. Wanda ba shi da inda zai caja ko kaɗan, haibirid ta gargajiya ce daidai da shi a yanzu, domin ita ba ta neman soket, kuma za ta rage masa kuɗin mai tun daga ranar farko.